Tarawa a Tafin Hannu: Duwatsun Ƙirga da Yaran Gidajen Gombe

Daga cikin abubuwan da iyaye a birnin Gombe suke tinƙaho da su a 'yan shekarun nan, tun daga tsofaffin unguwanni irin su Jekadafari da Bolari da Herwagana har zuwa sababbin gine-ginen da suka miƙe ta wajen Tumfure, akwai iya ƙirgen ƙaramin yaro, wato a ce ɗan shekara uku ko huɗu yana jero lambobi da Turanci daga ɗaya har ɗari ba tare da harshensa ya sarƙe ba. Ana ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa kuɗin makarantar nazare bai tafi a banza ba, su kuma makarantun, da yake sun san abin da ke faranta ran mai biya, sai suka duƙufa ga rera lambobi da cika littattafan aikin gida da lissafin da ake jerawa a takarda. Amma yaron nan da ya kai ɗari da baki, idan aka zuba masa dabino bakwai a faranti aka ce ya faɗi ko nawa ne, sau da yawa yakan taɓa ɗaya sau biyu ko ya tsallake wani, idan kuma aka ƙara masa biyu aka tambaye shi nawa suka zama, sai ya zuba wa mai tambayar ido yana neman amsar a fuskarsa.

Lamarin bai tsaya ga Gombe ba, domin binciken halin rayuwar mata da yara da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai na yaran Nijeriya masu shekara 7 zuwa 14 suke da ginshiƙin lissafi, wato iya karanta lamba, da gane wadda ta fi girma tsakanin lambobi biyu, da tarawa mai sauƙi, da cike gurbin da aka bari a jerin lambobi. Gwamnatin Jihar Gombe ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2019, kuma abin da ya biyo baya na gyaran azuzuwa da mayar da yara makaranta abin a yaba ne, sai dai tarawar farko ba a aji take somawa ba, a tsakar gida take somawa, kuma ta hannu take shiga kan yaro kafin ta kai ga alli da takarda. Kayan da ake bukata don wannan aiki kuwa suna nan a kusan kowane gida, ko da masu gidan ba su taɓa kallonsu da wannan ido ba.

Jero lambobi da sanin adadi

Masana halayyar yara sun daɗe da rarrabe tsakanin haddace sunayen lambobi da fahimtar adadi, wato sanin yawan abin da kowace lamba take nufi. A 1978 wasu masana biyu a Amurka, Rochel Gelman da Charles Gallistel, sun fayyace ƙa'idojin da yaro yake bukata kafin a ce ya iya ƙirga, kuma uku daga cikinsu su ne tushe: ya ba kowane abu lamba ɗaya tak ba tare da maimaici ko tsallake ba, ya riƙe jerin lambobin a kan tsari guda kullum, sannan ya gane cewa lambar da ya ambata a ƙarshe ita ce yawan dukan tarin. Rera lambobi a aji ƙa'ida ta biyu kaɗai yake koyarwa, ya bar ta farko da ta uku, alhali kuwa tarawa a kansu take tsayawa, tun da ba ta wuce haɗa tari biyu da gano yawan sabon tarin ba. Yaron da bai taɓa haɗa tari biyu da hannunsa ba yana iya haddace cewa uku da huɗu bakwai ne, kamar yadda zai haddace sunan maƙwabcinsu, amma ranar da haddar ta kuɓuce masa ba shi da hanyar da zai bi ya sake gano amsar, kuma daga nan ne tsoron lissafi yake samun gindin zama.

Abin da Montessori ta tsara

Sunan Montessori ba baƙo ba ne a Gombe, domin ana ganinsa a allunan makarantu masu zaman kansu, ko da yake sunan ba mallakar kowa ba ne, saboda haka kasancewarsa a jikin allo ba ya tabbatar da abin da ake yi a cikin aji. Maria Montessori likita ce 'yar ƙasar Italiya da aka haifa a 1870, wadda ta buɗe gidan renon yaranta na farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum a watan Janairu na 1907, ta kuma rasu a ƙasar Holan a 1952. Daga cikin kayan da ta tsara don lissafi akwai duwatsu, irin waɗanda ake shirya abin wuya da su, masu launin zinariya, waɗanda aka yi su hawa huɗu: ƙwaya ɗaya tilo, sai sanda mai ƙwaya goma da aka zura a waya, sai faifai mai kusurwa huɗu da aka haɗa da sanduna goma ya zama ɗari, sai dunƙule da aka jera faifai goma a kan juna ya zama dubu. Yaron da ya ɗauki ƙwaya ɗaya da yatsu biyu, sannan ya rungumi dunƙulen dubu da hannu bibbiyu, ya ji bambancin ɗaya da dubu a jikinsa tun kafin a nuna masa sifili uku a takarda.

Akwai kuma wani rukuni na sanduna tara masu launuka dabam-dabam, daga mai ƙwaya ɗaya ja, da mai biyu kore, har zuwa mai tara, waɗanda ake tarawar ƙananan lambobi da su ta hanyar jera sanda biyu a layi ɗaya a gwada tsawonsu da sandar goma. Hikimar tsarin ba a launi ko ƙyalli take ba. Tana cikin abu biyu ne: na farko, goma ta zama abu guda da ake iya ɗauka da hannu ɗaya ba tare da ta daina zama ƙwaya goma ba, na biyu kuma, kayan da kansu suke nuna kuskure, domin idan yaro ya ce shida da biyar goma ne, da ya jera su kusa da sandar goma zai ga ƙwaya ɗaya ta yi saura, ba sai wani ya tsawata masa ba. Gani ya kori ji, in ji Hausawa. Masanin nan Jerome Bruner ya zo a 1966 ya bayyana cewa koyo yana bin hawa uku, wato aiki da abu a hannu, sannan hotonsa, sannan alamarsa a rubuce, kuma a kan wannan ne ƙasar Singafo ta gina koyar da lissafinta na firamare tun shekarun 1980.

Kayan Montessori na asali daga waje ake shigo da su, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidaje, ballantana a wannan zamani da buhun masara a kasuwar Tudun Hatsi yake gaban komai a lissafin mai gida. Wannan ne ya sa wasu suke ɗaukar hanyar a matsayin ta 'ya'yan masu hali, alhali an soma ta ne da 'ya'yan leburori.

Ƙirga da hannu tsohon abu ne a ƙasar nan

Kafin zuwan kuɗin Turawa, da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa, kuma wuri ba ya lissaftuwa sai an zube shi a ƙasa an ƙirga da hannu. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya sauka a Tasawa ta jihar Maraɗi ta yau a farkon 1851, ya ba da labarin yadda ya ga ana jan wuri biyar-biyar da yatsu, ana tara shi kashi-kashi na ɗari biyu ko na dubu, har aka ƙirga dubu ɗari biyar a zama guda da taimakon mutane kaɗan. Ashirin ana ce mata hauya, dubu ashirin kuma keso, wato abin da ake zubawa a jakar tabarma guda. Abin lura a nan shi ne cewa fataken da ba su taɓa shiga aji ba sun gano da kansu cewa babban adadi ba ya riƙuwa sai an ɗaure shi rukuni-rukuni, wanda shi ne ainihin abin da sandar goma take koyarwa.

Carbi ma kayan ƙirga ne tun asali, domin an raba ƙwayoyinsa 99 kashi uku na 33 da 'yan alamomi a tsakani, don mai tasbihi ya san inda yake ba tare da ya ɗaga murya ba, haka kuma carbin mabiya ɗarikar Katolika an tsara shi goma-goma ne. 'Yan mata masu wasan carafke suna kwasar duwatsu ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, masu dara kuma suna lissafa 'ya'yansu a rami. Harsunan garin ma suna taimakawa fiye da yadda ake zato, domin a Hausa duk lambar da ke tsakanin goma da ashirin tana faɗin yadda aka gina ta, goma sha ɗaya, goma sha biyu, ba kamar Turanci ba inda yaro zai haddace sababbin sunaye biyu bayan goma waɗanda ba su nuna masa goma a cikinsu ba. A Fulfulde kuwa, harshen da Buba Yero da jama'arsa suka kafa masarautar Gombe da shi a farkon ƙarni na 19, shida ita ce biyar da ɗaya, bakwai biyar da biyu, haka har tara, ma'ana yaron da ya tashi da wannan harshe yana yin tarawa duk lokacin da ya ƙirga. Abin mamaki ne a ce gidan da yake da waɗannan harsuna biyu ya ajiye su a gefe lokacin koyar da lissafi, ya tilasta wa ɗan shekara huɗu ya yi kokawa da sabon harshe da sabon ilimi a lokaci guda.

Yadda ake haɗa kayan da yadda ake aiki da su

Abin da gida yake bukata shi ne ƙwayoyi kamar ɗari biyu masu girma ɗaya da launi ɗaya ko biyu, waɗanda ake samu wajen masu sayar da duwatsun ado a Babbar Kasuwa, ko daga tsohon carbin da ya tsinke (ba wanda mai gida yake lazimi da shi ba, domin wannan yana da alfarmarsa, kuma yaro ya kamata ya san bambancin). A zura goma-goma a siririyar waya ko zare mai ƙarfi a ɗaure bakin sosai, a samu sanduna kamar goma sha biyar, a bar sauran ƙwayoyin a warwatse a cikin ɗan kwano. Idan launi biyu ne, ya fi kyau kowace sanda ta zama biyar na wannan launi biyar na wancan, kamar yadda masanin lissafi Adri Treffers na Cibiyar Freudenthal a Holan ya tsara allon ƙirgarsa mai layi biyu na goma-goma, biyar ja biyar fari, domin ido yana kama biyar a kallo ɗaya amma ba ya kama takwas sai ya ƙirga. Inda duwatsu suka gagara, marafan kwalaben lemo da aka huda ko tsinkayen tsintsiya da aka ɗaure goma-goma suna yin aikin.

Matakin farko bai shafi tarawa ba tukuna. A ce wa yaro ya kawo huɗu, ya kawo bakwai, yana ɗaukar kowace ƙwaya yana matsar da ita gefe yana ambaton lambarta, sannan a tambaye shi nawa ke nan, a lura ko zai ba da amsa da lambar ƙarshe ko kuwa zai sake farawa daga ɗaya. Sai wannan ya zauna ake shiga haɗa tari biyu, kuma a nan ya kamata maganar ta kasance irin ta gida: ga uku naka, ga biyu na Yaya, in an haɗa nawa ke nan. Da fari yaro zai ƙirga duka daga ɗaya, kuma babu laifi a hakan, daga baya ne zai gano cewa yana iya riƙe uku a ka ya ci gaba da huɗu, biyar, wanda babban ci gaba ne da bai kamata a yi masa gaggawa a kai ba.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi cancantar a daɗe a kansa, wato sanin lambobi biyu-biyu da suke cika goma: ɗaya da tara, biyu da takwas, uku da bakwai, huɗu da shida, biyar da biyar. Ana iya rufe wani sashe na sandar goma da tafin hannu a tambayi yaro nawa ne a ɓoye, shi ma a bar shi ya rufe ya tambayi babba, domin yara suna son su ga sun ɗaure wa manya kai. Amfanin wannan yana fitowa ne idan aka zo ga lissafi irin takwas da biyar, inda yaron da ya san takwas tana neman biyu ta cika goma zai ciri biyu daga biyar ɗin, ya ga goma ta cika uku sun rage, sai bakinsa ya faɗi abin da idonsa yake gani, goma sha uku.

Daga nan sai canji, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Idan aka ce a tara 27 da 15, yaro zai ɗauko sanda biyu da ƙwaya bakwai, sannan sanda ɗaya da ƙwaya biyar, ya haɗa warwatsattsun ƙwayoyin ya samu goma sha biyu, a nan sai a kafa masa doka cewa duk lokacin da ƙwayoyi suka kai goma dole ya kai su wurin mai canji, wato uwa ko yayarsa, ya karɓo sanda ɗaya a madadinsu. Sai ya ga sanduna sun zama huɗu ƙwayoyi biyu sun rage, wato 42. Wannan shi ne abin da malami yake nufi a aji idan ya ce a rubuta biyu a riƙe ɗaya, kuma ɗalibai da yawa suna gama firamare suna riƙe ɗayan nan ba tare da sun san cewa goma ce ba. Matsayin lamba, wato yadda darajar lamba take sauyawa gwargwadon gurbin da aka rubuta ta, ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya saba kai ƙwaya goma ya karɓo sanda. Kuɗin ƙasar ma a kan wannan tsari yake tun da aka bar fam da sule da kwabo aka koma Naira a 1973, saboda haka yaron da ake aika shago ya riga ya san cewa 'yan Naira goma guda goma takardar ɗari ɗaya ce.

Rubutu yana zuwa ne a gefen kayan, ba a bayansu da nisa ba: duk abin da aka haɗa a tabarma a rubuta shi a takarda ko a ƙasa da tsinke, sanduna a hagu ƙwayoyi a dama, don yaro ya ga alamar da abin da take wakilta a wuri ɗaya. Minti goma ko sha biyar bayan La'asar, ko kafin a tafi Islamiyya, sun isa, kuma da zarar yaro ya soma wasa da kayan yana jifa da su to zaman ya ƙare.

Inda ake iya ja da wannan magana

Masu shakka suna da hujjarsu. Wani nazari da Kira Carbonneau da abokan aikinta suka wallafa a 2013, wanda ya tattara sakamakon bincike 55 a kan koyar da lissafi da kayan taɓawa, ya sami cewa amfanin yana nan amma daga ƙarami zuwa matsakaici ne, kuma ya danganta ga yadda babba yake jagorantar yaro da kuma irin kayan da aka yi amfani da su. Wasu binciken sun nuna cewa kayan da suka cika ado da ɗaukar ido suna janye hankalin yaro daga lissafin zuwa ga kayan, wanda hujja ce a kan zaɓen ƙwayoyi marasa kwalliya, kuma dalili ne na kauce wa alewa da gyaɗa, waɗanda tarawa da su takan rikiɗe ta koma ɗebewa. Haka nan akwai yaron da yake maƙale wa duwatsun har ya kasa tara huɗu da uku sai ya ɗauko kwano, kuma laifin wannan yana kan babban da bai janye kayan a kan lokaci ba. Hanyar janyewa ita ce a fara rufe su da ƙyalle a ce yaro ya faɗi amsa sannan ya buɗe ya duba, daga baya a zana su a takarda, har a kai ga lambobi zalla.

Akwai kuma mai cewa uwar da ba ta yi boko ba ba za ta iya wannan ba, wanda zance ne da bai san matan Gombe ba. Matar da take riƙe da adashin mutum ashirin a ka, take sayar da ƙosai ko ɗanwake ta cikin gida tana sanin abin da kowace 'yar talla za ta dawo da shi, ta fi ƙarfin tara 27 da 15. Abin da ta rasa shi ne wanda zai gaya mata cewa abin da ta sani lissafi ne, kuma tana da ikon koyar da shi da harshen da take magana da ɗanta. A nan ne Kwalejin Ilimi ta Tarayya (Fasaha) da ke Gombe, da Kwalejin Ilimi ta Billiri, da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha suke da abin yi, musamman da yake Manufar Ilimi ta Ƙasa da kanta ta ce a koyar da farkon lambobi ta hanyar wasa a matakin share fagen firamare. Taron iyaye da malamai guda ɗaya da za a keɓe don nuna yadda ake zura sandar goma da yadda ake canji zai fi shafuka masu yawa na aikin gida, waɗanda kowa ya san yayye ne suke cikawa da dare.

Abin da ba a wasa da shi shi ne lafiyar ƙanana. Ƙwayar da ta dace da hannun ɗan shekara biyar tana iya shaƙe ƙaninsa mai rarrafe, kuma yara suna cusa irin waɗannan abubuwa a hanci da kunne, saboda haka duk gidan da yake da yaro ɗan ƙasa da shekara uku ya kamata ya zaɓi manyan ƙwayoyi ko marafan kwalba, ya ƙirga kayan bayan kowane zama, ya ajiye su a gwangwani mai murfi inda hannu ba ya kaiwa. Masu son amfani da 'ya'yan itatuwa su tsaya ga ƙwallon dabino da 'ya'yan tsamiya, su nisanci idon zakara, wanda kyansa na ja da ɗigon baƙi yake jan yara alhali yana ɗauke da guba mai kisa idan aka tauna, haka ma 'ya'yan zurman da na bini-da-zugu da ake shinge da shi a wasu gidajen bayan gari.